Gunagunin masuntan Argungu: Ina gaskiyarsu, ina kurensu?

Masuncin Argungu ba ya rasa abin faɗa a kan gwamnati. Ko a inuwa ana ɗinkin koma, ko a teburin mai shayi bayan isha'i, hira takan fara da kifi ta ƙare a Abuja. Ruwa ya ja baya. Fetur ya fi ƙarfin talaka. Yaran yanzu ba sa jin magana. Ɗan siyasa ba ya tunawa da mutum sai zaɓe ya ƙarato. A ƙarshe a rufe da cewa zamanin da ya fi na yanzu albarka.

Ɗan boko da ya zo daga Birnin Kebbi ya ji wannan zance yakan yi murmushi, ya ce ai mitar tsofaffi ce, ra'ayin 'yan mazan jiya waɗanda ba sa son a taɓa komai. Wannan hukunci ya yi gaggawa. A cikin gunagunin akwai bayani a kan halin da kogin Rima yake ciki wanda babu ofishin da ya tara irinsa. Akwai kuma wani ɓangare da masuntan ke fakewa da shi don kada a taɓo laifin da ke hannunsu. Duk mai son kogin ya ɗore dole ya iya raba tsaki da tsakuwa.

Mai sana'ar haɗari ba ya son sabon abu

Wannan hali ba na Kabawa kaɗai ba ne. Duk inda mutane ke yin abin da kuskure ɗaya zai iya kai su kabari, sukan riƙe abin da suka gada da ƙarfi, su kuma yi wa baƙon abu kallon tuhuma.

Dubi masu hawan manyan duwatsu. A 1953 Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka taka ƙololuwar Everest, dutsen da ya fi kowanne tsawo a duniya, yanzu kuma tsofaffin hannu na kukan cewa kuɗi ya ɓata harkar. A 2019 wani hoto ya karaɗe duniya, na mutane a layi kusa da ƙololuwar kamar masu jiran fetur a gidan mai. Masu ƙorafin suka ce ga abin da suke faɗa: duk mai kuɗi yanzu sai ya biya a ɗaukar masa kaya, a ɗaura masa igiya, ya hau ya ɗauki hoto. Suna kukan tsadar takardar izini, suna kukan dokokin hukuma, suna kukan sababbin shiga da ba su san darajar dutsen ba.

Cire dutse ka sa kogi, ka dawo Argungu. Wanda ya taso yana nutso a ruwa mai duhu da gora da homa, yana laluben giwan ruwan da ta kai nauyin babban mutum, ya san cewa dokar da kakansa ya kafa ba don ado aka kafa ta ba. Idan ya ƙi amincewa da sabon tsari daga ofis, sau da yawa dalilinsa shi ne ya taɓa ganin yadda irin wannan tsari ya ƙare.

Inda suke da gaskiya

Babbar hujjar masuntan ita ce Matan Fada kanta. Wannan yanki na kogi an hana kamun kifi a cikinsa har sai lokacin biki, kuma masarauta ce ke tsare dokar ta hannun Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masunta. Tun kafin a fara gasar da duniya ta sani, Kabawa suna da gyaran ruwa da fashin ruwa, wato akwai lokacin da ake barin kogi ya huta, akwai ranar da ake buɗe shi. Abin da masana kiwon kifi ke koyarwa a jami'a yau ke nan: a ware wuri, a ware lokaci, a bar kifi ya hayayyafa ya girma. Kifin da ya ci gasar 2020 ya kai kilo 78. Kogin da ake tatsa kullum ba ya fitar da irin wannan.

Bikin ma tarihi ne na sulhu. An faro shi a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, ziyarar da ta zama alamar ƙarshen tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Saboda haka idan dattijo ya ce a bar wa sarakuna abin da suka iya, yana da abin nunawa a ƙasa.

Hujja ta biyu ita ce madatsun ruwa. An kammala dam ɗin Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, na Goronyo a kan Rima ya biyo baya a shekarun 1980. An gina su ne don noman rani da ruwan sha, kuma sun yi wannan amfanin. Amma kifin kogi a fadama yake ƙwai. Damina na sauka ruwa ya malala cikin ciyawa, kifi ya bi shi ya hayayyafa, ƙananan su samu abinci da maɓoya, ruwa na janyewa su koma kogi da tafkuna. Idan aka tare ruwa a sama, malalar ta ragu, kifi ya ragu tare da ita. Idan kuma aka riƙe ruwan har ya cika maƙil sannan aka sake shi gaba ɗaya, sai ya zo da ɓarna. Mutanen kwarin Rima ba su manta da ambaliyar 2010 ba, haka ma ta 2020 da ta shanye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi. Mutumin da rayuwarsa ta rataya a kan ƙofar dam ɗin da ke wata jiha, wanda ba a neman shawararsa ranar buɗewa ko rufewa, me zai hana shi zargin duk wani aikin da aka ce masa ci gaba ne?

Sai batun aljihu. Yawancin masuntan yankin manoma ne kuma. Da rani suna fadama suna ban-ruwan shinkafa da injin da ke shan fetur. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Watanni biyu bayan cire tallafin sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, harkar kasuwanci ta hanyar Kamba ta tsaya cak na tsawon watanni. A Nuwambar 2024 kuma Lakurawa suka kai hari garin Mera da ke ƙaramar hukumar Augie, maƙwabciyar Argungu, suka kashe mutane. Wanda duk wannan ya faɗa wa a cikin shekara biyu, idan ya ce jiya ta fi yau, lissafi ya yi.

Inda gunagunin ya zama mafaka

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa a majalisar masunta ba. Ba Abuja ce ke shiga ruwa da koma mai ƙananan idanu ba. Ba gwamna ne ke mayar da gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi ya koma tarun kwashe 'ya'yan kifi ba. A kogunan Najeriya da dama an sha kokawa da masu zuba guba irin su gamalin don kifi ya taso saman ruwa, su kwashe na yau su kashe na baɗi. Masu yin haka 'yan gida ne, an san iyayensu, an san unguwarsu. Dattijon da zai yi awa guda yana zagin gwamnati amma ya kasa tsawata wa ɗan ƙaninsa a kan komar da ba ta barin ko ɗan tsako, ya bar al'adar da yake cewa yana karewa. Kakanninsa da suka kafa dokar hutun ruwa kansu suka fara ɗaure wa.

Haka batun rigar kariya. Har yanzu akwai masu ganin sa ta gazawa ce, ko rashin tawakkali, ko kuwa abin 'yan birni da ba su iya ruwa ba. Gwanin ruwa zai iya kuɓuta idan kwalekwale ya kife. Matar da ya ɗauko da goyo a bayanta fa? A Mayun 2021 wani jirgin ruwa ɗauke da sama da mutum 150 ya nutse a kogin Neja a kan hanyarsa ta zuwa Warrah, a ƙaramar hukumar Ngaski da ke kudancin jihar, kaɗan ne suka tsira. Ba a Rima abin ya faru ba, amma ɗabi'ar ɗaya ce: a cika jirgi fiye da ƙima, a ce Allah zai kiyaye. Addinin da ake kafa hujja da shi ya yi umarni da a ɗauki mataki sannan a dogara ga Allah.

Game da matasa kuwa, zargin da ake yi musu ya wuce laifinsu. Saurayin da ya ajiye homa ya hau babur yana kabu-kabu, ko ya tafi Legas ci-rani, ba raina gado ya yi ba. Ya kwana a ruwa ya fito da abin da bai kai kuɗin cefane ba, ya yi shawara da cikinsa. Idan kogi ya sake ciyarwa, babu wanda zai roƙe shi ya dawo.

Akwai kuma wani saɓani da ya kamata a faɗa a fili. Bakin da ke cewa 'yan siyasa duk maƙaryata ne, shi ne ke washewa idan aka zo rabon atamfa da taliya ana jibi zaɓe. Ɗan siyasa ya gane wannan tuntuni. Ya san gunaguni ba ya cizo, ya san farashinsa, ya san zai lafa har shekara huɗu.

Gwamnati ma na son bikin fiye da kogin

Laifin hukuma shi ne ta mayar da masunci kayan kallo. An shafe kusan shekara goma ba a yi bikin ba, saboda matsalar tsaro da ƙarancin ruwa, kafin a dawo da shi a Maris ɗin 2020. Idan ana biki, manya kan sauka daga ko'ina, a harba bindiga dubban mutane su ruga cikin ruwa, a ba gwani mota da kuɗi. Gasar ba ta wuce kamar awa guda. Sauran ranakun shekara fa?

Shinkafa ta samu gata. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Nuwambar 2015. An yi shinkafar Lake Rice da haɗin gwiwar Legas. Kamfanin WACOT ya buɗe babban injin casa a Argungu a 2017. Kifi, wanda shi ya kai sunan garin duniya, bai ga shiri mai wannan girman ba. Ga shi kuma faɗaɗa noman shinkafa a fadama na nufin ƙarin injinan da ke zuƙar ruwa, da ƙarin maganin feshi da ke gangarawa inda kifi ke ƙwai. Mutum ɗaya ne ke cin ribar shinkafar yake kuma asarar kifin, shi ya sa ba a jin rigimar a fili.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a ba masunta da manoman fadama kujera a inda ake yanke shawarar sakin ruwan Goronyo. Gwamnatin Nasir Idris na iya neman Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta riƙa fitar da jadawalin sakin ruwa a rediyo da Hausa, kuma a duba yiwuwar sakin wani kaso daidai da lokacin ƙwan kifi.

Na biyu, tsarin Matan Fada ya wuce Matan Fada. Masarautar Argungu ƙarƙashin Sarkin Kabi Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, da masarautar Gwandu a ɓangaren Birnin Kebbi, suna da sarakunan ruwa da jama'a ke jin maganarsu. A ware ƙarin tafkuna da za a riƙa hutarwa, a tsayar da girman idon komar da aka yarda da ita, gwamnati ta mara wa hukuncinsu baya da doka da kuɗin sintiri. Ma'aikacin da aka turo daga ofis ba zai san wanda ya shiga ruwa da tsakar dare ba. Sarkin Ruwa zai sani kafin hantsi.

Na uku, dattawan su yarda cewa ba kowane sabon abu ne abokin gaba ba. Injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana zai rage musu kukan fetur. Rigar kariya ba ta rage wa kowa jarumta. Kiwon kifi a tafki zai iya riƙe saurayi a gida ya kuma sassauta wa kogi.

Na huɗu kuma shi ne mafi wuya: ƙorafi ya tashi daga teburin mai shayi ya koma takarda. Ƙungiyoyin masunta su rubuta buƙatu uku ko huɗu, su ajiye su gaban duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, daga kansila har gwamna, su kuma tuna masa da su idan ya dawo neman wa'adi na biyu.

Kabawa suna alfahari da Kanta, kuma sun cancanci yin haka. Amma Kanta gina Surame ya yi, bai zauna yana kewar garin da ya wuce ba. Mai son riƙe gado sai ya tabbatar akwai abin da jikansa zai tarar a cikin ruwan. Idan giwan ruwa ta ƙare a Rima, gwamnati za ta iya nemo wani bikin ta tara baƙi. Masunci ba shi da wani kogin.