Madatsar Kasama: a duba ta tun da rani

A 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle a jahar Kano. A Satumban 2024 ta Alau ta bi sahu, ruwa ya ci Maiduguri. Madatsa ma tana tsufa: laka ta cike cikinta, gara da saiwar itace su huda bango, ruwa ya riƙa tsiyaya a ɓoye.

Tamu ta Kasama, a gundumar Damagaram Takaya, ba ta fi ƙarfin haka ba. Masu lambu da makiyaya da ita suka dogara, yara kuwa ba su ganin ruwa su ƙi iyo.

Muna kira ga mahukunta: kowane rani injiniyoyi su binciki bangon da mazubar ruwan, a karanta sakamakon a rediyo, a kafa alama inda ke da zurfi. Kada sai an yi makoki a nemo kuɗin gyara.