Ku daina yi wa kura ƙazafi

Jama'a, hoton nan da ake ta yaɗawa ya ishe ni: zaki na cin nama, kuraye na raɓe a gefe, an rubuta wai sarki da ɓarayi. Wa ya shaida? Mai kyamara da safe ya iso, farautar kuwa da dare aka yi ta. Hans Kruuk, wanda ya bi kuraye a Ngorongoro ta Tanzaniya cikin shekarun 1960, ya gano sau da yawa su ke kashe dabbar, zaki ya zo ya ƙwace. Ta yiwu abinsu suke jira! Kurar tatsuniya kuka liƙa wa hoton, kuma baƙin sunan nan ne ke sa in an zuba musu guba ba mai cewa uffan.