Roadmaster ɗin Baba ya tare a tsakar gidana



Wata uku ke nan da aka yi mini kishiya. Ba ta girki, ba ta shara, amma duk Asabar da Lahadi maigidan yana durƙushe a gabanta tun daga karin kumallo har kiran La'asar. Babur ne, tsohon Honda Roadmaster na mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya shekara goma sha ɗaya jingine a zauren gidanmu kaji na kwana a kansa. Da aka zo rabon gado yayyena suka ce a kira 'yan gwangwan su auna shi. Na ce a'a, a sa mini shi a kasona. A kan tankin nan Baba yake ɗora ni ya kai ni makarantar allo, abin da yau in na ga wani uban ya yi sai na yi masa faɗa.

Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 da 1990 sun san shi. Ƙirar Japan ne, samfurin CD200, mai silinda biyu da salansa biyu, sarƙarsa a rufe cikin gidanta don kada ƙura ta cinye ta. Ba na 'yan tsere ba ne, na doguwar tafiya ne. Baba malamin gona ne, da shi yake zuwa Ringim daga Kano ya dawo a yini.

Ƙanena bakanike ne, shi ke koya wa maigidan aikin. Ranar da aka sauke babur ɗin, abin da ya fara cewa shi ne, "Yaya, kada wanda ya taka kik ɗin nan." Injin da ya daɗe a ajiye fistin ɗinsa kan manne da tsatsa, in aka yi masa ƙarfi sai a karya zobensa. Ya cire fulogi biyun, ya ɗiga mai ta ramukan, aka bar shi ya jiƙa kwana uku kafin a juya shi a hankali da hannu. Tankin kuwa, tsohon fetur ya daskare a ciki kamar ƙaro. Suka zuba ruwan khal da ƙananan notuna suna girgizawa, jan ruwan tsatsa na fita kamar an wanke tukunyar zoɓo. Duk abin da za su kwance sai sun ɗauki hotonsa da waya tukuna, notuna kuma a jera su cikin kiret ɗin ƙwai. Sau uku suna zuwa Ƙofar Ruwa neman kaya.

Duk wannan yana ba ni sha'awa, har ranar da aka zo wankin kafireta.

Da fetur ake wanke ta, kuma a robar lemo suka sayo shi. Na dawo daga aikin dare na ga robar a gindin babur, na ce a raina bari in ɗan kishingiɗa in tashi in ɗauke. Tarin autana ne ya tashe ni. Shekararsa biyu da rabi. Na same shi riƙe da robar, gaban rigarsa sharkaf, bakinsa na warin fetur. Maigidan ya shiga ɗaki ɗauko sifana ne kawai. Kafin in gama cire masa riga maƙwabciyata ta faɗo da kwalbar manja tana cewa, "Sista, ɗura masa ya amayar!" Na riƙe hannunta, nawa na rawa.

Ku saurare ni a nan, don na sha ganin wannan a ɗakin yara, galibi da kananzir. Fetur da kananzir ba a ciki suke yin babbar ɓarnarsu ba, a huhu ne. Ruwa ne mara kauri, ɗigo kaɗan in ya kauce ya bi hanyar numfashi sai ya bazu ya ƙona huhun yaro. In kika sa shi amai, kin sake biyo da man ta maƙogwaro karo na biyu, kin ba shi wata damar faɗawa huhu. Saboda haka ba manja, ba madara, ba sa yatsa a baki. Ki cire kayan da man ya jiƙa, ki wanke jikinsa da ruwa da sabulu, ki riƙe shi a zaune, ki nufi asibiti da robar a hannunki. Kada wasan da yake yi ya ruɗe ki. Numfashi da sauri, zazzaɓi da kasala kan iya bayyana bayan sa'o'i, shi ya sa muke riƙe yaro aƙalla awa shida muna dubawa. Nawa Allah ya taƙaita, ɗanɗanawa ya yi ya tofar. Amma awa shidan nan da na yi a kan benci, ba a matsayin ma'aikaciya ba, ba zan so wa kowace uwa su ba. Ban kuma iya ɗora wa maigidan laifin shi kaɗai ba, tunda ni ma na ga robar na wuce.

Da daddare na ce masa, "Abban yara, ko dai mu gyara zaman babur ɗin nan, ko gobe in kira 'yan gwangwan da kaina." Bai yi musu ba. Yanzu fetur yana cikin jarka mai murfi, a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, nesa da madafa, domin tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi har ya tarar da garwashi. Batir ma can yake. Ruwansa asid ne, in ya fantsama a ido ko fata a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20 kafin a kama hanyar asibiti. Da suka buɗe birki na hana su hure ƙurar da baki, na miƙa musu jiƙaƙƙen tsumma, don tsofaffin takalman birki kan ƙunshi asbestos mai lahanta huhu. Tayar da inji kuma sai a ƙofar gida, ba a zaure ba. Hayaƙinsa irin na janareta ne, gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi. Salansa ma na nan, biyu gare shi, daidai tsayin ƙwaurin yaro. In tsautsayi ya faɗa, ruwa mai sanyi na minti 20 ne maganin farko, ba man goge baki, ɗanyen ƙwai ko baƙin mai ba.

Rigimarmu ta ƙarshe a kan taya ce. Ya ce zanensu bai cinye ba, na ce roba ta bushe ta tsattsage. Da ya sayo wasu na sa ƙanena ya nuna mini lambobi huɗun da ke gefe: biyun farko makon da aka ƙera, biyun ƙarshe shekara. In kika ga 2319, mako na 23 ke nan a 2019. Ɗaya daga cikin "sababbin" ta girmi autana nesa ba kusa ba, aka mayar.

Asabar ɗin da ta wuce, a taka na bakwai, ya tashi. Na kira Inna na kara wayar kusa da salansa ban ce mata komai ba. Ta yi shiru har na zaci layi ne ya katse, sannan ta ce, "Wannan ai Malam ne ya dawo daga Ringim." Maigidan yana son ya zaga unguwa da shi ranar Juma'a. Makullin yana cikin jakata, sai an gama birkin gaba an kuma sayo hular kwano.