Ƙwallon Naku Ne, Filin Namu Ne

Babu yaron da ya taɓa neman izinin hukumar FIFA kafin ya ajiye duwatsu biyu ya ce ga raga. To don me gasar gem sai da yardar kamfani?

A Nuwamba 2020 kamfanin Nintendo ya aika wa masu shirya gasar The Big House ta Amurka takardar gargaɗi, gasar ta rushe. Laifinsu shi ne amfani da Slippi, manhajar da masoya suka rubuta don buga Super Smash Bros. Melee ta intanet lokacin korona. A 2023 kuma ya ƙayyade wa ƙananan gasanni mutum 200 a zaure, ya hana su karɓar tallafin 'yan kasuwa.

Kada mu ce abin na nesa ne. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, saboda 'yan bindiga. A watan dai Konami ya maye gurbin PES da eFootball, wanda ya jingina da intanet. Wasan da sai ya gaisa da kwamfutar kamfani kafin ya buɗe, ranar da ba sabis gawa ne. Tsohon PES kuwa janareto kawai yake nema.

Mu masu rubuta manhaja mun san gumin da ke ciki, ba ma goyon bayan satar fasaha. Amma wasa kamfani ya sayar, bai sayi 'yan wasa ba. Mai shagon gem da ke sayen fetur, da samarin da ke karo-karon kuɗin kofi, su suka raya shi. A bar mana wasan da ke tashi ba intanet, a bar mana gasarmu.