Kafin a sayar da riɗi a tura yaro karatu waje

Da an kammala girbin riɗi kuɗi sun shigo hannu, zancen majalisu a Mafaza da Hawata da Gadarif kusan ɗaya ne: wane zai tura ɗansa Masar, wance ta samu gurbin karatu a Turkiyya, malam wane na jami'a ya samu aiki a Saudiyya. Ba mu ga laifin kowa ba. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke, jami'o'in Khartum suka watse, Jami'ar Jazira ma ta bi sahu da dakarun RSF suka shiga Wad Madani a Disambar wannan shekarar. Yaron da ya kamata a ce yanzu likita ne yana zaune a gida yana taya babansa sayar da dawa. Malamin jami'a kuwa, albashin da ke zuwa masa a makare tsadar kaya ta riga ta cinye shi.

To, a tafi. Amma a tafi ta ƙofa, kuma a fara shiri daga takarda, ba daga tikiti ba.

Kakanninmu sun taso daga Sakkwato da Kano da Katsina a ƙafa, suna nufin Makka, guzurinsu ƙanzo da allo. Ba wanda ya tambaye su ranar haihuwa. Jikokinsu kuwa harafi ɗaya na iya tsayar da su shekara guda. Mu malaman makaranta mun fi kowa sanin inda ɓarnar ke farawa, domin a rajistarmu take farawa. Yaro sunansa na yanka Abubakar, a gida Garba ake kiransa, ranar da aka kawo shi aji ɗaya yayansa ya ce a rubuta Garba, aka rubuta. Da aka je yin lambar ɗan ƙasa, rakam watani, sai uba ya ba da Abubakar. Shahadar sakandare ta fito da suna ɗaya, jawaz ya fito da wani. Ko sunan bai bambanta ba, idan aka juya shi daga Larabci zuwa boko sai ka ga Usman a nan, Osman a can, Othman a takarda ta uku. Ga kuma maganar shekaru. Da yawan yaranmu a gida aka haife su, ba takardar haihuwa, sai ta ƙiyasin likita mai cewa 1 ga Janairu, alhali makaranta ta rubuta wata rana dabam. A nan gida duk mun san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin biza a Alƙahira ko Ankara bai sani ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani.

Mu Hausawa akwai ƙarin nauyi a kanmu, kada mu ɓoye wa juna. Sau da yawa namu ya fi na wasu shan tambaya a kan kaka da kakan kaka kafin a ba shi lamba, a ce ya kawo shaida daga dangin uba. Wannan ba adalci ba ne ga mutanen da suka haura shekara 100 suna noma ƙasar nan, kuma za mu ci gaba da faɗa. Amma ɗalibin da ya jira sai takardar karɓa ta iso sannan ya fara neman kawunsa da zai tsaya masa shaida, gurbin zai wuce shi yana layi.

Bayan sunaye sun daidaita sai tausiƙi, wato buga hatimin tabbatarwa. Shahadar jami'a tana bi ta jami'ar, ta Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi, ta Ma'aikatar Harkokin Waje, sau da yawa har da ofishin jakadancin ƙasar da za a je. Wanda ya tsallake ɗaya ya tafi, daga can zai dinga roƙon 'yan uwa su bi masa layi. Jawaz ya kasance da sauran aƙalla wata shida, katin rigakafin shawara yana hannu.

Kowace takarda kuma a yi mata kwafi uku: ɗaya a jaka, ɗaya a imel, ɗaya a akwatin uwa. Wanda yake ganin wannan tsirfa ce, ya tuna makonnin farko na yaƙi. Ofisoshin jakadanci sun kwashe ma'aikatansu daga Khartum, fasfunan masu neman biza suna ciki. Amurka da Faransa sun amsa da bakinsu cewa sun lalata waɗanda ke hannunsu, wai don kada su faɗa hannun da bai dace ba. Cikin masu fasfunan akwai ɗaliban da suka riga suka samu gurbi. Ya kuma tuna Fabrairun 2024, lokacin da intanet ya ɗauke, Bankak ya tsaya, mai miliyoyi a waya ya kasa sayen shayi. Hoton da ke cikin waya kaɗai ba ajiya ba ce.

Sai maganar hanya, kuma a nan ne rai yake. Daga 10 ga Yuni 2023 Masar ta wajabta biza a kan kowane ɗan Sudan, har mata da yara da tsofaffin da a da ake ɗauke wa. Layi ya yi tsawo a Wadi Halfa da Bur Sudan, masu fasa-ƙwauri suka samu kasuwa. Suna loda mutane a bayan boksi kamar buhunan gawayi, su keta hamada da gudu. A Yunin 2024 gommai sun mutu da zafi da ƙishirwa a hanyar Aswan. Wanda ya isa ma bai tsira ba: Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a Satumbar 2023 kaɗai Masar ta mayar da mutum kusan 3,000. Mai gudun harsashi ba mu da bakin hana shi. Amma ɗalibi ba gudu yake ba, rajista zai je yi, kuma fasfon da ba hatimin shiga a kansa wahalar iƙama kawai zai jawo masa. Ta gabas, Gallabat tana kusa da mu, shi ya sa take da jan hankali. Sai dai daga Matama zuwa Gondar yankin Amhara ne, inda ake faɗa da mayaƙan Fano tun 2023, ana tare motoci ana sace mutane. 'Yan Sudan da ke sansanin Awlala sun bar shi da ƙafa a Mayun 2024 saboda hare-hare.

Akwai waɗanda suka fita lafiya, kuma yadda suka fita abin lura ne. A 2023 ɗaliban likitanci na Jami'ar Kimiyyar Lafiya da Fasaha ta Khartum sun koma Asibitin Muhimbili a Darussalam ta Tanzaniya, wasu kuma Ruwanda. Makaranta ce ta yi magana da makaranta, kowa ya san wanda zai tarbe shi kafin jirgi ya tashi. Ka gwada wannan da dillalin Facebook da ke cewa a turo dala ɗari biyar ya kama maka gurbi. Jami'ar gaskiya tana da adireshin imel na kanta. A rubuta mata, a tambayi Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ko ta amince da shahadarta, tun kafin buhu ɗaya ya bar rumbu.

Malaman jami'a da masu neman aiki, ku ma da ku muke. Ba a manta da matasan da kamfanin Black Shield na Daular Larabawa ya ɗauka da sunan gadi ba, suka wayi gari a Ras Lanuf ta Libiya, har iyayensu suka yi zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancin Daular a Khartum a Janairun 2020. Kwangila a karanta ta tun a gida: wane gari, wane aiki, nawa ne albashi, wa zai biya asibiti, wa zai biya tikitin dawowa. Fasfo naka ne, ko a Saudiyya doka ta hana mai aiki ya riƙe shi. Kuma don Allah kada a sulale. A nemi i'ara ko hutun da ba albashi a rubuce, kujerar ta jira, domin ɗaliban da aka bari su ma 'ya'yan wasu ne.

Jami'ar Gadarif za ta taimaka ƙwarai idan ta ware mutum ɗaya da lambar waya ɗaya da iyaye za su tambaya kafin su biya kowa kuɗi. Mu kuma malaman firamare da sakandare, a wannan zangon mu ɗauko rajista mu gwada sunan kowane yaro da abin da ke kan lambarsa ta ɗan ƙasa, mu kira uban idan sun saɓa. A yi shi yanzu da rani, tun Rahad bai cika ba, tun laka ba ta rufe hanyar Gadarif ba.