Samaniyar Zamfara na buƙatar ma'auni ɗaya

A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin samaniyar Zamfara, bayan raɗe-raɗin cewa jirage masu saukar ungulu na kai wa 'yan bindiga makamai. Sai dai dokar ta bar giɓi: idan manomi a Tsafe ko Bunguɗu ya ga haske yana yawo cikin dare, wa zai kai wa rahoto, kuma da me za a tantance shi?

Masu binciken baƙin abubuwan da ake gani a sama sun daɗe da wannan tambaya. Tun 1977 hukumar sararin samaniyar Faransa ke da sashe, wanda yanzu ake kira GEIPAN, mai karɓar shaida bisa tsari guda: rana, lokaci, wuri da inda abin ya nufa. Yakan gwada ta da bayanan jirage, taurari da yanayi, sannan ya kasa rahotanni gida huɗu, daga wanda aka gano zuwa wanda ya gagara. Amurka ma ta kafa ofishinta, AARO, a 2022. Sai tambayoyi sun zo ɗaya ake iya auna rahoton wata ƙasa da na wata.

Zamfara na iyaka da Jamhuriyar Nijar, jirgi kuwa ba ya tsayawa a shingen kwastam. Ofis a Gusau mai takardar rahoto iri ɗaya, yana musayar bayanai da Katsina da Maraɗi, zai raba gaskiya da jita-jita. Idan babu shi, duk hasken da aka gani na iya watsa kasuwa ya hana manomi zuwa gona.