A karanta wa ɗaliban Tsiga Shaihu Umar

A ƙauyukan noma irin Tsiga, tsakanin Funtuwa da Malumfashi, da wuya ka rasa gida mai ɗan riƙo ko almajirin da ke kai kwanonsa. Shi ya sa nake ganin ya kamata makarantun yankin su riƙa karanta wa ɗalibai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya fito a 1934. An sace Umar, wanda maraya ne, yana ƙarami, ya ƙare a hannun Balarabe Abdulkarim, mai fataucin bayi, wanda ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa har ya zama malami. Yaron da ya karanta wannan zai daina kallon maraici a matsayin abin gori.

Wasu za su ce littafin ya wanke fataken bayi, tunda alherin Abdulkarim bai haɗa uwar Umar da ɗanta ba sai dab da rasuwarta. Gaskiya ne, amma marubucin bai ɓoye wahalar da ta sha a hanyar nemansa ba, kuma nan ne malami zai tsayar da aji ya yi tambaya. Masu tsoron riƙo zai gurɓata nasaba kuwa, su sani Musulunci jingina yaro ga wanda bai haife shi ba ya hana, riƙon maraya ma kwaɗaitar da shi ya yi.